Har Damagaram Saboda Mariƙin Butar Baba

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. Matan Islamiyyarmu ta Sabon Garin Wudil, maƙwabta, har mai yi mini kitso, kowa da irin tata. Wai da gaske na tsallaka iyaka da na'ura a cinya? Wai gaskiya ne burodinsu ya fi kamu guda tsawo? Na gaji da maimaitawa, kuma kullum sai na manta wani abu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta tambaya in miƙa mata.

Sai na fara da dalili, kar ku ɗauka yawon buɗe ido na je.

Mahaifina yana Utai. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Alhamdu lillahi ƙafa ta dawo, magana ta dawo, amma yatsun hagu sun ƙi damƙa. Kun san mai alwala, hagu ce ke riƙe buta ta zuba wa dama. To shi sai an zuba masa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina wa mutane rumbu, yau sau biyar a rana sai ya jira Inna ta tsaya a kansa da buta. Bai taɓa ƙorafi ba, amma ya daina zuwa masallaci. Ya ce in alwala ta karye a waje, ba zai iya roƙon ɗan wani ya zuba masa ba.

Ni kuma ina da firinta. Ƙanwata Zulai, wadda ta yi karatun injiniya, ita ta bar mini lokacin da aure ya kai ta Fatakwal. Ba irin ta takarda ba ce. Zaren roba take ci, dogo kamar taliya, ta narkar da shi ta wani ɗan tsinin baki, ta zana layi a faranti, ta ɗora wani a kai, ta ɗora wani, har abu ya tashi tsaye. Duk wadda ta taɓa matsa kwalliyar kek ta gane nufina. Na yi maɓallai da ita, na yi maratayin labule. Sai Zulai ta zana wa Baba mariƙi ta turo mini: zobe da zai kama wuyan buta, da wani lanƙwasasshen hannu da zai hau bayan tafinsa, ya zura hannu kawai ya karkata.

Sau uku ina bugawa. Ko'ina ya fito sumul, ban da ƙarƙashin lanƙwasar, inda roba ta leƙo babu komai a ƙasanta. Ni rumfa nake kiran wurin. Nan sai ta zubo, zare-zare kamar gemun masara, ta sandare da kaifi. Kuma daidai nan ne ke taɓa fata. Na ukun na goge shi iya ƙarfina, duk da haka ya karce Baba, ga shi da ciwon suga, sai da aka yi sati uku ana wanke wurin.

Ranar ya juya mariƙin a hannunsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Uwata, ginin nan naku, ɗanye ake ɗora wa ɗanye." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Na ɗauka mitar tsofaffi ce. Ya ƙara da cewa, "Ki bar wahalar da kanki, na haƙura." Na roƙe shi ya ba ni dama ɗaya tak. Ya ce ɗaya, daga ita kar in ƙara kawo masa roba gida.

Maigidana, Malam, yana da gwaggo a Damagaram. 'Yarta Mariyama tana aiki a wani wuri da ake ƙera wa masu lalura kayan taimako, kuma irin wannan firintar uku gare su. Na yi ta tura mata hoton mariƙan, tana ba ni shawara ta waya, babu canji. Ƙarshe ta ce, "Ɗauko ta ki taho. Wancan raggon mijin naki ya rako ki, shekara shida bai zo ya gaida tsohuwa ba." Taubasai ne ita da Malam, kar ku ce rashin kunya ce.

Muka bar 'yarmu Sadiya wajen maƙwabciyata, na sa aka soyo wa Gwaggo kifin bakin gadar Wudil, na sa wa firinta rigarta. I, riga gare ta. Da daminar bara na tarar zanzaro ya yi gini a bakin 'yar fankar da ke kusa da tsinin, ga Sadiya da son kai yatsa wurin zafi. Sai na ɗinka mata riga da ragowar atamfar Salla, na sa soso a ciki, na sa zif, na yi taga da farar leda a gaba don in riƙa leƙen aiki. Bakin fankar kuma na ɗaure shi da gidan sauro ninki huɗu. Ba abin da na ɗinka a rayuwata da na yi alfahari da shi kamar rigar nan.

A tashar Kano rigima ta fara. Kwandasta ya ce a but ɗin mota firintar za ta shiga, ni kuma na leƙa na ga buhunan albasa da jarkar manja. Na ce a cinyata za ta zauna.

"Hajiya, jariri ne?"

"Ya fi jariri, jariri in an buge shi yana warkewa."

Direba ya yi dariya ya ce a ƙyale ni. Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar Daura, ta je Kano duba jika. Kafin Dambatta ta gama shafa rigar, ta duba ɗinkin ciki da waje, ta ce hannuna yana da kyau. Kafin Kazaure ta ɗora ƙullin goronta a kai. Kafin Daura ta ɗora kanta, ta yi barci. Ban iya ta da ita ba, ta yi kama da kakata. Ƙafata ta yi tsami har na daina jin ta, Malam yana ta ƙunshe dariya yana jan carbi.

Muka yi azahar a Daura, muka sake mota zuwa Kongolam. Ni da nake tsammanin iyaka katanga ce mai tsawo, sai na ga sanda a gicciye, da 'yan ofisoshi, da masu sayar da rake. Mutanen wannan gefe da na wancan fuska ɗaya, gaisuwa ɗaya. Malam ya yi ta laluben katin rigakafinsa, gumi na keto masa, ashe tun a gida ya sa shi cikin hula don kar ya ɓata.

A gefen Nijar wani jami'i dogo, mai furfura a gemu, ya nuna cinyata.

"Madan, mene ne wannan?"

Na zuge zif. Ya leƙa, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya leƙa. Ɗaya ya ce keken ɗinki ne, ɗaya ya ce injin taliya. Na ga bayani zai yi tsawo, sai na ciro mariƙi na uku da butar da na taho da ita, na maƙala, na zura hannu na nuna musu. Na faɗi lalurar Baba. Sai dogon ya ce tasa mahaifiyar ma haka take, ƙanwarsa ce ke zuba mata. Da kansa ya zuge mini zif ɗin, a hankali, ya ce, "Allah ya ba da sa'a. In ya yi, ki biyo ta nan in gani."

Daga nan hanya ta miƙe ta Matamaye. Abin da na lura, direbobinsu ba sa gaggawa, kuma ba wanda ke yi musu tsawa. Muka shiga Damagaram ana kiran magariba, ga manyan duwatsu jibge a tsakiyar gari kamar an sauke kaya an manta.

Mariyama na ƙofar gida, gajeriya, mai tabarau, muryarta ta fi ta girma.

"Lale da matarmu! Wannan na bayanki ɗan dako ne, ko shi ne mijin?"

Malam ya ce, "Har yanzu ba ki ƙara tsawo ba? Me ake ba ki a gidan nan?"

"Abin da Kanawa ba sa ba baƙo. Shigo ka gani."

Gwaggo ta rungume Malam tana kuka tana zaginsa a lokaci guda. Aka shimfiɗa mini a ɗakin Mariyama, shi kuma a zaure. Abinci kam sai godiya. Sun kawo kwaɗon zogale da suke kira kwabto, da tuwon gero mai laushi, da kilishin da ban taɓa cin irinsa ba, siriri har kana hango haske ta cikinsa. Da safe ga burodin da kuke tambaya. Gaskiya ne, ya fi kamu, ɓawonsa da tauri, cikinsa kuma iska. A hammata ake ɗauko shi ba ko leda. Shayinsu a 'yan ƙananan kofuna, zagaye uku. Na sha na farko na ce na gode, ɗaci kamar maɗaci. Gwaggo ta ce ba a tashi a na farko, na ukun ne na mata. Da gaskiyarta, na ukun kamar zuma. Wani abin kuma, da rana ta take sai gari ya mutu, kowa ya rufe shago ya je ya kwanta. Na ce a Wudil ranar Juma'ar kasuwa wa zai yarda da wannan? Kuma suna jefa Faransanci cikin magana yadda yaranmu ke jefa Turanci. Fanka ma wani suna suke kiranta, sai da aka nuna mini na gane.

Da hantsi muka tafi wurin aikin Mariyama. Ɗaki ne mai faɗi, tagogi a buɗe, firintocinsu uku a jere, tsirara, ko ɗan kyalle babu. Har na ji tausayinsu.

Ta ce, "Kar ki gaya mini komai. Ki kunna ta yadda kike yi a gida, ni kallo zan yi."

Na ɗora ta a tebur, na zura zare, na danna, ta fara aiki. Sai na ja zif na rufe, na gyara tagar leda, na koma gefe na naɗe hannu.

Mariyama ta dube ni. Ta dubi firinta. Ta cire tabarau.

"A cikin rigar take aiki?"

"Kullum."

"Da zafin nan?"

"Saboda zanzaro."

Wallahi sai da ta zauna a ƙasa. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta kira abokan aikinta biyu, su ma suka zo suka taya ta. Malam, wanda ya sha yaba rigar nan a gida, ya juya yana karanta wata takarda a bango, alhali da Faransanci aka rubuta ta.

Da ta lafa ta kama hannuna ta zura cikin rigar. Kamar na sa hannu a tanda. Sannan ta hango gidan sauron da ke bakin fanka, ta ce, "Innalillahi, har da niƙabi!"

Kunya ta kama ni, idona ya ciko. Ta lura, ta dafa ni. "Haba matarmu. Wata uku ina neman ciwon nan ta waya, ashe ƙauna ce ta yi yawa. Zo ki gani."

Ta yi mini bayani yadda ban taɓa ji ba. Roba tana fitowa da taushi, kamar alewa a kan wuta. Aikin 'yar fankar nan shi ne ta busar da layi nan take. Inda layi ya hau kan ɗan'uwansa sosai, ko bai bushe ba zai zauna. Amma a rumfa, rabin layin a kan iska yake. In bai sandare ba kafin na gaba ya zo, sai ya sunkuya, na gaban ya sunkuya a kansa, a haka har gemu ya fito.

"Ba ki bari ya sha iska," in ji ta. "Kina ɗora sabo a kan wanda bai bushe ba."

Nan take maganar Baba ta faɗo mini. Na tuna ina yarinya, Baba ya ɗora hawa ɗaya na rumbu da safe, ya wanke hannu ya tafi gona. Masu rumbu su yi ta mita wai yana da nawa. Shi kuwa ya ce cikin rumbu waje yake buɗewa, in ka ɗora kafin na ƙasa ya yi ƙwari, zai rufta maka. Ashe abin da ya gaya mini ke nan a zaure, na ce mita ce.

Muka tuɓe rigar, muka kwance gidan sauron. Mariyama ta sa aka buga wani ɗan abin gwaji mai yatsu biyar, kowane ya fi na bayansa kwantawa. Da a cikin rigar ne, tun na biyu zai zube. Yanzu sai da aka kai na huɗu kafin gemu ya fito. Ta ce saura. Ta rage zafin tsinin kaɗan, muka sake, ya ƙara kyau. Na ce to a rage sosai mana. Ta rage don in gani, abin ya fito fes, ta sa yatsa biyu ta ɓalle shi kamar ƙuli-ƙuli. In zafi ya yi kaɗan, layukan ba sa kama juna. Muka koma tsakiya. Ta nuna mini a kwamfuta inda ake ce mata ta rage gudu in ta zo rumfa, da inda ake sirance layi, don kowane ya leƙo kaɗan kawai a kan na ƙasa. Ta kuma juya aikin a faranti yadda rumfar za ta fuskanci bakin fankar, don tawa ta gefe ɗaya take hurawa.

Sannan ta yagi takarda mai kusurwa huɗu daidai, ta ninke ta daga kusurwa zuwa kusurwa, ta tsayar. "Kin ga wannan gangaren? Duk abin da bai fi shi kwantawa ba, za ta yi shi ba gardama. Wanda ya wuce, sai da lallashi." Da wannan ta gyara zanen Zulai. Ta kwantar da mariƙin a gefensa, ta cike lungun lanƙwasar da ɗan gangare. Wuri ɗaya ne ya rage dole sai da tokari, wato 'yan sandunan roba da ake bugawa su tallafe shi, a ɓalle daga baya. Ta tabbatar ya faɗo a jikin zoben, don tokari yana barin tabo, kuma ba a son tabo inda fata take.

Na ce, "To zanzaro fa?"

"Ki sa mata rigar in ta gama aiki ta huce. Ke da bargo kike tuƙa tuwo?" Ta ce akwai irin zaren da ke son ɗumi, har akwati ake yi masa, amma nawa ba shi ba ne.

Awa huɗu ta ɗauka. Muka je muka yi salla, muka ci, gari ya yi mutuwarsa ta rana, ni ko runtsawa ban yi ba. Da muka dawo ta gama. Na kai hannu, Mariyama ta buge shi. Ta ciro auduga, ta shafa a ƙarƙashin lanƙwasar, gaba da baya. Haka suke gwada duk abin da zai taɓa jikin mai suga. In sili ɗaya ya maƙale, ba a bayarwa. Ta ɗaga audugar a haske, ta ɗaga mariƙin. Ko sili. Na ce Alhamdu lillahi ya fi sau goma. Malam ya ce ai shi tun farko ya yi zargin rigar. Mariyama ta ce, "Allah ya shirye ka, Bakano."

Kwana uku muka yi. A dawowa jami'in nan ba ya bakin aiki, sai na bar wa abokinsa wani mariƙin da muka ƙara bugawa, na ce a ba shi ya gwada wa tsohuwarsa, in bai yi daidai da butarta ba ya nemi Mariyama. Burodin da na sayo tsaraba guda shida, biyu ne suka iso Wudil da ransu.

Washegari kafin la'asar ina Utai. Baba na zaune a zaure. Bayan mun gaisa na miƙa masa mariƙin. Bai ko kalli saman ba. Ya juya shi, ya sa babban yatsa a ƙarƙashin lanƙwasar, ya shafa a hankali yadda yake shafa bakin rumbu.

"Wannan an bar shi ya sha iska. Wa ya koya miki?"

"Wata ce a Damagaram, Baba."

"Damagaram? Uwata, a tabarmar nan fa na gaya miki."

"Ka gaya mini, Baba."

"To, ai tafiya ma ilimi ce," ya ce, yana danne murmushi.

Aka kira salla. Inna ta fito da buta kamar kullum. Ya karɓa, ya maƙala zoben da dama, ya zura hagu. Hannun na rawa. Na matsa zan tallafa, ya ce, "Matsa can." Ya karkata. Ruwan farko a wandonsa ya zuba, ya ce bismilla ya sake. Na biyu ya sauka a tafin dama. Ya wanke, ya kurkure baki, ya shaƙa, ya wanke fuska, mu biyu muna tsaye kamar an dasa mu. Da ya gama ya zare hannun ya duba bayansa. Ba ko ja.

Inna ta dubi hannayenta, ta ce, "To ni yanzu me zan riƙa yi da la'asar?"

"Ki huta, kin yi na Allah." Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "Ƙaro mini ruwa a ciki."

"Ba ka gama ba?"

"Na gama. Da ita zan tafi."

Ta cika masa. Ya rataya butar a hagu, sanda a dama, wando a jiƙe har gwiwa, ya fita. Ina leƙe ta ƙofar zaure har ya sha kwanar masallaci, ina jin mutane suna ta "Malam Ado! Yau kai ne?" Ya ɗaga musu butar sama, don hannun gaisuwar yana riƙe da sanda.